Wai Kuku Ba Ya Mutuwa a Jirgin Yaƙi? Labarin Doris Miller da Jirgin da Ya Ci Sunansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, hankalina a tashe yake. Autana ya kafe sai ya shiga sojan ruwa tun ranar da ya ga wani bidiyo a Facebook na wani baƙar fatar Amurka mai suna Doris Miller, wai kuku ne amma shi kaɗai ya harbo jiragen Japan shida, har aka sa wa jirgin yaƙi sunansa. Mahaifin yaron ya rasu, shi nake gani in ji sanyi. Wani mutum a unguwarmu ya ce in kawo kuɗi zai samo masa gurbin kuku, wai kuku yana kicin, ko yaƙi aka yi babu abin da zai same shi. Labarin nan gaskiya ne? Kuma in ba da kuɗin? (Wata uwa daga Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidan, ya raya miki yaron. Kuɗin dai kada ki ba da ko sisin kwabo. Dalili yana tafe, kuma a cikin labarin Miller ɗin za mu same shi.

An yi Doris Miller, ba ƙirƙira ba ce. An haife shi ranar 12 ga Oktoba, 1919 a garin Waco na jihar Teksas, ɗan manoma masu noman kashi-mu-raba. Ya shiga sojan ruwa a Satumbar 1939. A lokacin baƙin mutum ba shi da zaɓi a rundunar ruwan Amurka sai aikin hidima: ya kai wa hafsoshi abinci, ya gyara musu gado, ya goge takalma, ya kwashi wanki. Wato ma bai kai kuku ba tukuna, boyi ne. A Janairun 1940 aka tura shi babban jirgin yaƙi West Virginia, inda ya zama zakaran damben masu nauyi na jirgin, don ƙato ne.

Safiyar Lahadi, 7 ga Disamba, 1941, yana tattara kayan wanki jiniya ta tashi, jiragen saman Japan sun auka wa sansanin Pearl Harbor a Hawai. Ya ruga wurin da aka ware masa na lokacin yaƙi, wata ma'ajiyar harsasai a tsakiyar jirgin, ya tarar tofido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa, ya riga ya tarwatsa ta. Sai aka kira shi sama ya taimaka a ɗauke kyaftin ɗin jirgin, Mervyn Bennion, wanda ɓarɓashin bam ya farke wa ciki. Suka matsar da shi inda ya fi kariya, amma bai yi rai ba. Daga nan wani laftanar ya sa Miller ya riƙa miƙa harsasai ga mashinga guda biyu da babu kowa a kansu. Kafin a ankara ya riga ya kama ɗaya yana harbi, alhali ba a taɓa koya masa ita ba, har harsasai suka ƙare. Bayan haka ya koma jawo abokan aikinsa daga wuta da ruwan da mai ya malale a kai, har aka ba da umarnin kowa ya bar jirgin. Mutum sama da 100 suka mutu a West Virginia kaɗai.

Jirage shida kuwa gishirin masu bidiyo ne. Duka-duka jirage 29 Japan ta rasa a harin nan, alhali bindigogi ɗaruruwa ne suke ta ɓarin wuta sama a cikin hayaƙi. Shi kansa Miller da aka tambaye shi cewa ya yi yana jin ya sami guda ɗaya. Takardar da ta raka lambar yabonsa ba ta ƙidaya masa jirgi ko ɗaya ba, abin da ta ambata shi ne ɗauke kyaftin a ƙarƙashin ruwan wuta da kama bindigar. A ganina masu ƙara masa jirage rage masa daraja suke yi, don duk ranar da yaro ya gano shidan ƙarya ne, sai ya yi watsi da sauran labarin, har da ɓangaren da yake gaskiya.

Hukuma ma sai da aka kai ruwa rana da ita. Jerin waɗanda aka yaba wa da ya fito ranar 1 ga Janairu, 1942 cewa kawai ya yi wani baƙar fata, babu suna. Sai a watan Maris jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ta fito da sunansa. 'Yan majalisa suka nemi a ba shi Medal of Honor, lamba mafi girma, sakataren sojan ruwa Frank Knox ya ƙi goyon baya. A ƙarshe Shugaba Roosevelt ya amince da Navy Cross, lambar jarumta ta sojan ruwa, kuma Admiral Chester Nimitz ya maƙala masa ita ranar 27 ga Mayu, 1942 a kan jirgin Enterprise. Shi ne baƙin mutum na farko da ya same ta. Kyaftin Bennion ya sami Medal of Honor bayan rasuwarsa. Miller har yau bai samu ba.

Jirgin da ya ci sunansa, USS Miller mai lamba 1091, firiget ne, wato matsakaicin jirgin yaƙi, na ajin Knox, ɗaya daga cikin 46 da aka ƙera. Nakan ji masu cewa an haɗa shi da sunan mutumin da ya hana shi lamba don a ci masa fuska. Ba haka ba ne, wancan Knox ɗin daban, wani kwamodo ne masanin tarihi mai suna Dudley Knox. An fara ƙera jirgin a masana'antar Avondale a jihar Luwiziyana a 1971, aka tura shi ruwa ranar 3 ga Yuni, 1972, kuma mahaifiyar Miller, Henrietta, ita aka gayyata ta zama uwar jirgin. Ya kama aiki ranar 30 ga Yuni, 1973. Da farko a rukunin jiragen rakiya yake, sai a 1975 aka mayar da su duka firiget. Tsawonsa mita 134, ya ɗan ɗara namu NNS Aradu da aka ƙera a Jamus ya kama aiki a 1982, mai mita kusan 125. Aikin USS Miller shi ne farautar jiragen ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet: na'urar sauraren sauti a hancinsa, rokoki masu ɗauke da tofido, igwa ɗaya a gaba, jirgi mai saukar ungulu a baya. Ya yi zirga-zirga a Tekun Atlantika da Bahar Rum, a 1982 aka mayar da shi rundunar ko-ta-kwana, aka sallame shi ranar 15 ga Oktoba, 1991 da Yaƙin Cacar Baka ya zo ƙarshe. An sayar wa Turkiyya a 1999 don ta ciri kayan gyara, sannan aka nutsar da gangar jikinsa a atisayen harbi a 2001. Ba wulaƙanci ba ne, haka tsofaffin jirage da yawa suke ƙarewa. A Janairun 2020 kuma aka sanar za a sa sunansa ga wani katafaren jirgin dakon jiragen sama mai lamba 81, karo na farko da irin wannan jirgi zai ci sunan baƙin mutum ko na ƙaramin soja. Ana kan aikinsa.

To yanzu mu zo kan maganar mutumin unguwarku, don ita ce ta fi ci mini rai, kuma ba yau na fara jin ta ba. Da wuya mako ya wuce wani uba ko wata uwa ba su zo mini da ita ba: a samo wa yaro kuku, ko akawu, ko ma'aji, "inda babu haɗari". Hajiya, masu bidiyon nan sun gaya wa yaronki yadda Doris Miller ya mutu? Ba su faɗa ba, don ba ya kawo makallata. A 1943 an ƙara masa girma ya zama kuku na gaske, aka tura shi wani ƙaramin jirgin dakon jiragen sama, Liscome Bay. Da asubahin 24 ga Nuwamba, 1943, kusa da tsibirin Makin a Tekun Fasifik, jirgin ƙarƙashin teku na Japan mai lamba I-175 ya sakar masa tofido, guda ɗaya tak ya same shi. Ya faɗa daidai rumbun bama-bamai. Cikin minti 23 jirgin ya nutse. Mutum 644 suka tafi, 272 suka tsira. Miller yana cikin waɗanda suka tafi, yana da shekara 24, ko gawarsa ba a samu ba. Iyayensa sun sami saƙon ɓatansa ranar 7 ga Disamba, shekara biyu cif da ranar da ya yi suna. Kukun da ake ba ki misali da shi, a matsayin kuku ya mutu.

Mutane suna ɗaukar tunanin sojan ƙasa su ɗora a kan teku, nan ne kuskuren yake. A tudu akwai bakin daga, akwai bariki can baya. Jirgin ruwa ba shi da baya. Kyaftin da makaniki da kuku da mai wanki duk a cikin akwatin ƙarfe ɗaya suke, tare da mai da harsasai, kuma ƙarƙashinsu ruwa ne. Makami ba ya tambayar sana'ar mutum. Ma fi muni, kicin da ɗakin cin abinci galibi a tsakiyar jirgi ake yin su, inda tangaɗi ya fi sauƙi, kuma tsakiyar nan ita makami mai linzami ya fi nufa, don nan ne na'urarsa take ganin mafi girman jiki.

Ba shaci-faɗi nake yi ba. Ranar 4 ga Mayu, 1982, a yaƙin Fokland, makami mai linzami na Ajantina samfurin Exocet ya sami jirgin Ingila HMS Sheffield a tsakiya. Mutum 20 suka mutu, da yawansu ma'aikatan kicin ne, har da wani mai wanki ɗan Hongkong. Ranar 17 ga Mayu, 1987, jirgin saman Iraƙi ya harbi firiget ɗin Amurka USS Stark a Tekun Fasha da dare, mutum 37 suka mutu, da dama a ɗakin kwanansu. Ranar 12 ga Oktoba, 2000, 'yan ƙunar baƙin wake suka matso da kwale-kwale jikin USS Cole a tashar Aden ta Yaman, bam ɗin ya tashi daidai kicin ana layin abincin rana, mutum 17 suka mutu. Wannan na ƙarshe ma ba yaƙi ake yi ba, mai suka tsaya sha. Ko ba abokin gaba, kicin ɗin jirgi wuri ne na tafasasshen mai da wutar lantarki a cikin ɗakin da ke tangal-tangal, kuma yana daga cikin wuraren da gobara ta fi tashi.

Shi ya sa a kowace rundunar ruwa ta kirki kuku yana da aiki biyu. Da jiniya ta tashi zai kashe murhu ya nufi inda aka rubuta masa: rukunin kashe gobara, ko toshe ɓaraka, ko ɗaukar masu rauni, ko miƙa harsasai. Miller da ya ruga ma'ajiyar harsasai ran nan, wurin aikinsa ya tafi. Haɗarin maganar mutumin unguwarku yana nan. Yaron da aka shigar da shi da tunanin cewa shi girki kawai ya zo yi, shi ne wanda zai yi barci a darasin kashe gobara, ya yi wasa da atisayen sa abin rufe fuska, ya ƙi haddace hanyar fita daga ɗakinsa a cikin duhu. Ranar da hayaƙi ya cika lungu, ba shi kaɗai zai cuta ba, har wanda ke jiran ya riƙe masa tiyo. Na horar da kurata, kuma tun makon farko nakan gane wanda aka yi wa wannan romon baka daga gida, don shi ne mai tambayar me ya haɗa shi da iyo.

Kuma kada a ce ai namu sojan ruwa a tashar Legas suke zaune. Suna fama da 'yan fashin teku a Mashigin Tekun Gini, da ɓarayin ɗanyen mai a lungunan Neja Delta, kuma suna da sansani a Baga a bakin Tafkin Chadi. Waɗanda ke Baga ma abinci suke ci, wani ne yake dafa musu.

Shi kuwa mai karɓar kuɗi, ki ɗauke shi a matsayin ɗan damfara kawai. Neman shiga sojan ruwan Najeriya kyauta ne, ta intanet ake cikewa, a yi jarrabawa, a duba lafiya da takardu, wanda ya dace ya tafi makarantar horar da kurata da ke Onne a jihar Ribas. Hukumar tana nanata wannan duk lokacin ɗaukar aiki, amma mutanenmu sun fi yarda da mai raɗa a kunne fiye da sanarwa. Dabarar irin waɗannan mutane tsohuwa ce: ya karɓi kuɗin mutum ashirin ya zauna, idan biyu suka ci da ƙoƙarinsu ya ce aikinsa ne, sauran ya ce su ƙara haƙuri sai baɗi. Wani ma takardar bogi zai buga, yaro ya sayi akwati ya tafi har Onne a kore shi a bakin ƙofa, in ma ba a tsare shi ba. Abin takaici, marayu da matan da mazansu suka rasu su suka fi nema.

Ban ce ki hana shi ba, ban kuma ce ki tura shi ba, wannan tsakaninki da shi da kawunnansa ne. Aikin kuku a sojan ruwa sana'a ce mai mutunci da albashi da fansho, kuma mafi yawan masu yin ta suna gamawa lafiya su dawo gida. Amma ki zaunar da shi ki karanta masa sakin layin nan na Liscome Bay, ki ga ko har yanzu yana so. In ya ce yana so, ya jira sanarwar hukuma ya cike da hannunsa. Sannan ki tambaye shi ko ya iya iyo. In bai iya ba, ya nemi wurin koyo tun yanzu, kafin fom ya fito.