Tambaya da Amsa: Injinan Aikin Ƙarfe na Gwanjo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon walda a Kano, ina so in ƙara da aikin gyaran shaf da yanka zare. Ɗan'uwana da ke Jamus ya ce a gwanjon masana'antu ana samun injin les, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, a kan kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba. Gaskiya ne, ko akwai lauje cikin naɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, Malam. Idan masana'anta ta karye ko ta koma injinan da kwamfuta ke sarrafawa, abin da ya dami mai gwanjo shi ne a kwashe kaya a bar masa fili. Tsohon les yana da nauyi, wuta mai layi uku yake ci, ɗan koyo a can ba shi da inda zai ajiye shi. Shi ya sa a shafukan kamfanoni irin su Surplex na Jamus da Troostwijk na Holan za ka ga les ƙirar Colchester ko Harrison ko Weiler a farashin da wani lokaci bai wuce na ƙarfen awo da yawa ba.

Sai dai kuɗin da ka taya ba shi ne kuɗin injin ba. A ce an sallama maka a Yuro 1,500. Akwai la'adar mai gwanjo, galibi kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari. A kashi 18, Yuro 270 ke nan. Harajin sayayya a Jamus kashi 19 ne, kuma sau da yawa sai ka biya tukuna, a mayar maka bayan ka nuna takardar fitar da kaya. Sannan kuɗin kwance injin da ɗora shi a mota, wanda a kanka yake, kuma akwai wa'adi: ka wuce ranar, a caje ka kuɗin ajiya ko kayan su salwanta. Daga nan sai jirgin ruwa, Form M (takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki), kwastan a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, da tirela zuwa Kano. Inji guda ba ya fitar da wannan ɗawainiya. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku cika kwantena mai ƙafa 20.

Gwanjo kuma ba a mayar da kaya. Don haka ɗan'uwan naka ya je ranar duba kaya tare da wanda ya san aikin, kada su biye wa hoto ko sabon fenti. Abu na farko gadon injin, wato hanyoyin da keken da ke ɗauke da wuƙar yanka ke tafiya a kai. Yawancin aiki kusa da cok, wato abin da ke damƙe ƙarfen yana juya shi, ake yi, nan ne yake cinyewa. A kawo keken kusa da cok, a ɗan ɗaure makullinsa yadda zai iya motsi da ƙyar, sannan a tura shi zuwa wutsiya, wato ɗaya ƙarshen gadon. Idan ya cije a hanya, gadon ya zaizaye, kuma duk shaf ɗin da aka yanka zai fito kai da gindi ba daidai ba. Gyaran wannan yakan fi kuɗin injin, a bar shi kawai.

In an yarda a kunna, a bi kowane gudu ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Ƙwanƙwasa mai maimaita kanta alamar karyayyen haƙorin giya ce. A sa agogon awo a hancin sandar da ke juya cok: rawar da ta wuce milimita 0.02 tana nuna boris ya gaji. Wasa kaɗan a hannun juyawa ba abin damuwa ba ne, kowane tsohon inji yana da shi.

Wani wurin da ake yin asara shi ne kayan haɗi. Masu gwanjo sukan ware cok mai haƙori huɗu, da matallafin dogon ƙarfe, da giyoyin canji, su sayar a kashi daban. A karanta jerin da kyau. A kuma duba ko zaren inci injin ke yankawa ko na milimita, domin tsofaffin injinan Ingila da yawa na inci ne, kuma wasu sai da giya mai haƙori 127 suke yanka na milimita daidai.

Wajen ɗagawa, nauyin les a sama yake, yana saurin kifewa. Kada igiyar ɗagawa ta bi ta kan dogon sandan zare, za ta lanƙwasa shi. A shafe duk inda ba fenti da giris kafin a rufe kwantena, saboda raɓar teku.

Tambaya: An yi mini tayin injin milin, mai sassaƙa ƙarfe da wuƙa mai juyawa, ƙirar Bridgeport daga Amurka. Zai yi aiki da wutarmu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ka sa a turo maka hoton farantin bayanai da ke jikin motar lantarkin injin. Wutar Amurka mai bugu 60 ce a daƙiƙa, tamu 50, don haka gudunsa zai ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari. Idan an rubuta 230/460, wato ƙarfin wutar da yake ɗauka, a haɗa wayoyin a kan 460, zai yi aiki da layi ukunmu na 400 zuwa 415. Idan 230 kaɗai ne, sai taransifoma ko a canza motar. In da janareta za ka yi aiki, ka tuna mota tana jan wuta ninki shida ko bakwai a lokacin tashi, janaretan da ya yi daidai da ita cif zai durƙushe. Nauyin injin kusan tan ɗaya ne, ka tanadi daɓen kankare.

Tambaya: Na ga injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, na shekarun 1990 ya fi wani les na hannu araha. In saya?

Amsa: Mu dai ba mu ba ka shawara ba, sai in kana da mai gyaran allon sarrafa inji ƙirar Fanuc ko Siemens a kusa. Araha ba ta ado. Bayanan saitin irin waɗannan injina batir ne ke riƙe su. Idan ya mutu a wata biyun da za a yi a hanya kuma ba a kwafe su ba, injin ba zai motsa ba. Ga wutarmu mai hawa da sauka tana ƙona katin lantarki. In ka nace, ka sa a kwafe bayanan kuma a sa sabon batir injin yana kunne, kafin a cire shi daga wuta.