Littafina bai ƙare ba, in fara neman ejan?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ina rubuta nobel, wato dogon ƙagaggen labari, da Turanci, na kai rabi, burina ya fito a Amurka ko Ingila. In fara tura wa ejan (wakilin da ke nema wa marubuci kamfanin wallafa) yanzu? Wani kuma ya ce sai na biya shi kuɗin karantawa tukuna.

Amsa: Ƴar'uwa, don Allah ki dakata ki gama shi. Ejan ba ya karɓar ƙagaggen labari rabi da rabi, in wasiƙar da kika gabatar masa da littafin a ciki ta burge shi yau yau zai iya cewa turo cikakken littafin, to me za ki tura? Ki kammala, ki ajiye shi ya huce, ki dawo ki gyara, yawancin nobel na manya tsakanin kalmomi 70,000 ne zuwa 100,000. Da a ce littafin ilimi ne ko na tarihi da lissafin ya canza, shi wannan ana sayar da shi tun kafin a gama, da takardar tsarin littafin da babi ɗaya ko biyu na samfur da bayanin dalilin da ya sa ke ce kika dace ki rubuta shi.

Wancan mai neman kuɗi kuwa ki rabu da shi, abin yana min ciwo yadda ake cutar sababbin marubuta ta nan. Ejan na gaskiya sai ya sayar wa kamfani littafinki sannan yake cin nasa, galibi kashi 15 cikin 100, ko 20 in haƙƙin fassara ne da na ƙasashen waje. Kuma kina buƙatarsa, don manyan kamfanonin wallafa irin su Penguin Random House da HarperCollins yawanci ba sa duba rubutun da bai biyo ta hannun ejan ba.

Wajen nema, ɗauko littattafan da suka yi kama da naki ki buɗe shafin godiya, marubuta kan ambaci ejan ɗinsu a wurin, sai ki bincika sunan a QueryTracker, shafin intanet mai jerin sunayen ejan, ki ga ko yana karɓar rubutu yanzu.

Wasiƙar shafi ɗaya ce tak. Sunan littafin, nau'insa, yawan kalmomi, sai labarin a taƙaice, wace ce jarumar, me take so, me za ta rasa in ta gaza. Ki kira ejan da sunansa, kuma in ya ce shafi goma yake so kar ki tura hamsin. Ki fara da mutum takwas ko goma, in wata uku ya wuce ba wanda ya nemi ƙarin shafi to ki koma kan wasiƙar da babin farko kafin ki tura wa wasu.