A kasuwa ta iya lissafi, a gaban allo sai ta daskare

Tambaya: Malam, ɗiyata tana ajin CM1, aji biyar na firamare, nan Zango. In na aike ta Kasuwar Dole, ko dala ba a taɓa cutarta a canji. Amma da mushe, wato malaminsu, ya kira ta allo sai jikinta ya ɗau rawa, ta kasa ko bakwai sau takwas. Ranar lissafi da ciwon ciki take tashi. Babanta ya ce a ƙara mata bulala. Daƙiƙiya ce?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, fargabar lissafi ce ke damunta. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gano kashi 77 cikin 100 na yaran da ke da wannan fargaba sosai, lissafinsu daidai yake da na tsara ko ya fi.

Maganar bulala kuwa, kullum sai na ji ta a Damagaram, har na gaji. Wai "mu ma da duka muka iya." Ina sauran 'yan ajinku da dukan ya kora daga lakwal? Yaro in yana ninkawa, sai ya riƙe "na ajiye biyar" a ka yana ci gaba da sauran. Wurin riƙon nan ƙarami ne, kuma shi tsoro ke fara cikawa. Yarinya na tsaye da alli, ido ɗaya kan allo, ɗaya kan hannun mushe, ina biyar ɗin zai zauna? Aikin wata mai bincike, Sian Beilock, da abokanta a Shikago ta Amurka, a 2013, ya nuna yara masu ƙarfin riƙon ne ma fargaba ta fi kayarwa. Wato mai ƙwaƙwalwar ake dokewa, sannan a kira ta jaka. Kuma don Allah kada ki ba masu yawo da lasifika kuɗinki wai maganin basira.

Wani bincike a Jamus, kan ɗalibai wajen 3,500, ya nuna ci gaban yaro a lissafi ya fi rataya kan son abin da fahimtarsa, ba kan kaifin basira ko hadda ba.

Ki daina cewa "ni ma ban iya ba" a gabanta, yara na ɗauka. Bayan la'asar ku yi minti goma da kuɗin cefane, ta rubuta a sileti abin da ta saba yi da ka, in ta kuskure ki ce ta sake. Ki je ki ga mushe, ki roƙe shi ya bar ta ta fara warware aikin a kan tebur kafin ya kira ta allo. Babanta ma ya raka ki.