Amsoshin Wasiƙunku: Daskarewar Manhaja, Ɓatan Fayil da Kayan Aikin Sata

Wasiƙun wannan makon sun zo ne daga masu rubuta manhajojin da ake girkawa a kwamfuta, irin waɗanda ke buɗe tagarsu ba tare da an shiga burauza ba. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, na rubuta manhajar ajiye bayanan ɗalibai da yaren Python da Tkinter, kayan gina taga na Python, a matsayin aikin kammala karatu. Duk lokacin da na danna maɓallin da ke karanta babban fayil, sai taga ta daskare, Windows ya rubuta "Not Responding" a samanta. Ranar gabatarwa ta matso, hankalina ya tashi. Shin in sayi sabuwar kwamfuta?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, kuma ki bar kuɗinki a inda suke, domin ko kin sayi kwamfutar da ta fi kowace ƙarfi, wannan matsalar za ta biyo ki. Kusan duk wanda ya taɓa rubuta manhaja mai taga ya gamu da ita. Manhajarki tana da hanyar aiki guda ɗaya wadda ke sauraron danna maɓalli, tana zana taga, tana kuma amsa saƙonnin Windows, wato abin da mainloop ke yi ke nan. Da kika ɗora wa wannan hanyar karanta babban fayil, sai ta shagala, ta daina amsa kira, shi kuwa Windows idan ya jira kamar daƙiƙa biyar bai ji amsa ba, sai ya ɗauka manhajar ta maƙale. Maganin shi ne ki mayar da aikin mai nauyi zuwa hanya ta biyu ta amfani da threading, wato tsarin gudanar da ayyuka a hanyoyi daban-daban, ki riƙa zuba sakamakon a cikin queue, wato layin jiran saƙonni, sannan hanyar farko ta riƙa leƙa shi lokaci-lokaci da umarnin after na Tkinter. Ki kiyaye abu biyu. Kada ki taɓa wani maɓalli ko akwatin rubutu kai tsaye daga hanya ta biyu, domin hakan na jawo faɗuwar manhaja ba tare da wani bayani ba. Kuma ki kashe maɓallin har aikin ya ƙare, don kada mai gaggawa ya danna shi sau uku a jere. Masu aiki da C# suna warware wannan da async da await, masu Java Swing kuma da SwingWorker. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba, kuma in sha Allah za ki gama shi tun kafin ranar gabatarwa.

Tambaya: Manhajata ta ƙi aiki. Me zan yi?

Amsa: Iyakar abin da wasiƙar ta ƙunsa ke nan, kuma ba ni da amsar da zan ba ka, ɗan'uwa. Ba ka faɗi yaren da ka yi rubutu da shi ba, ba ka kwafo saƙon kuskuren ba, ba ka ce ga abin da ka canza kafin ta tsaya ba. Ka koma ka karanta saƙon daga farko zuwa ƙarshe, domin sau da yawa yana ɗauke da sunan fayil da lambar layin da matsalar take. Idan ka karanta ba ka gane ba, ka turo shi yadda yake, harafi da harafi.

Tambaya: Ina rubuta ƙananan manhajojin lissafi ina sayar wa 'yan kasuwa. A kwamfutata komai lafiya, amma a ta wani abokin ciniki sai ta ce babu VCRUNTIME140.dll. Na sauko da fayil ɗin daga wani shafi na zuba, sai kuskuren ya koma 0xc000007b. Ban da haka, manhajar riga-kafi (antivirus) tana kama abin da na gina. Visual Studio ɗin da nake gina manhajojin da shi fasasshe ne, wato na sata, da wani aboki ya ba ni, kuma ya ce in riƙa kashe riga-kafin kawai.

Amsa: Zan fara da mai sauƙin. Wannan fayil ɓangare ne na Visual C++ Redistributable, wanda Microsoft ke bayarwa kyauta a shafinsa, kuma yana nan a kwamfutarka ne saboda ya shigo tare da kayan aikinka. Ka girka shi a kwamfutar abokin cinikin, ka kuma sa shi cikin fayil ɗin girka manhajarka don kada na gaba ya gamu da hakan. Ka lura cewa akwai na 32-bit, akwai na 64-bit, kuma wanda ya dace da manhajarka za ka zaɓa, ko da Windows ɗin na wani iri ne daban. Kuskuren 0xc000007b yawanci alama ce ta cewa an gwama fayil na iri ɗaya da manhaja ta ɗaya irin, kuma da alama abin da ka yi ke nan lokacin da ka zuba wanda ka tsinto. Ka goge shi yau. Shafukan da ke raba fayilolin DLL ɗaya-ɗaya ba wurin zuwa ba ne, domin babu wanda zai iya ba ka tabbacin abin da ke ciki, kuma kai da hannunka ka zuba shi a kwamfutar mutumin da ya amince da kai.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma nake ganinsa a wasiƙu fiye da yadda ya kamata. Mutum da ya saci manhajar kallon bidiyo kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari. Mai rubuta manhaja da ya ɗauki fasasshen kayan gini kuwa ya jefa duk wanda zai karɓi aikinsa, domin kowane fayil da ya gina ta cikin wannan kayan yake ratsawa kafin ya fito. Wannan ba tsoratarwa ba ce, ya faru an gani. A shekarar 2009 an gano wata cutar kwamfuta mai suna Induc, wadda ke neman kayan gini na Delphi a kwamfutar mai rubuta manhaja, ta gurɓata ɗaya daga cikin fayilolinsa, ta yadda duk manhajar da aka gina daga nan sai ta fito ɗauke da cutar, alhali mai ginin bai san komai ba. A shekarar 2015 kuma, wasu masu rubuta manhaja a ƙasar Sin sun sauko da Xcode, kayan gina manhaja na Apple, daga wuraren da ba na Apple ba saboda saukewa daga asalin wurin na ɗaukar lokaci, ashe an cusa masa mugun abu. Aka kira shi XcodeGhost, kuma ya shiga manhajoji da dama da suka kai har App Store, ciki har da WeChat. Idan manyan kamfanoni masu ma'aikatan tsaro sun faɗa wannan ramin, kai da ke aiki kai kaɗai da fayil ɗin da ya bi hannu da yawa kafin ya iso ka, me zai kare ka?

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne satar ba ta da dalili ko kaɗan. Visual Studio Community kyauta ne, kuma lasisinsa ya amince wa mutum ɗaya mai zaman kansa ya gina manhaja da shi ya sayar. Ƙaramin kamfani ma an yarda mutum biyar su yi amfani da shi. Visual Studio Code kyauta ne. Mai son yaren Pascal yana da Lazarus, mai son rumbun bayanai yana da SQLite da PostgreSQL, duka ba a biyan komai. Abubuwan da bugun Enterprise, wanda ake saya da kuɗi, ya fi na Community da su, na manyan ƙungiyoyin ma'aikata ne, kuma da wuya mai gina manhajar lissafin kanti ya taɓa buƙatar ko ɗaya daga ciki. Ke nan ka ɗauki haɗarin ne a kan abin da ba za ka yi amfani da shi ba. Shawarar abokinka ta kashe riga-kafi kuwa ita ce mafi muni a cikin wasiƙar, domin daidai take da mai gida ya ji ƙararrawar gobara ya tashi ya cire mata batir ya koma barci.

Gaskiya ne cewa riga-kafi kan yi kuskure. Manhajojin da aka naɗe da PyInstaller, kayan da ke mayar da rubutun Python manhajar da za a iya rabawa, alal misali, sukan sha kamu ba tare da laifi ba, musamman idan an dunƙule su cikin fayil guda. Amma kai ba ka da damar cewa naka kamun kuskure ne, tunda ba ka san abin da ke cikin kayan aikinka ba. Ka kwafe rubutun manhajarka kaɗai, ban da fayilolin da aka riga aka gina, ka sake girka Windows daga tushe, ka sauko da kayan aiki daga shafin masu su, ka canza kalmomin sirrinka daga wata na'ura mai tsabta, sannan ka sake gina komai. Bayan haka ka kai wa abokan cinikinka sabon bugun, ka kuma gaya musu su binciki kwamfutocinsu. Na san wannan magana tana da nauyin faɗa, amma bayanan kuɗinsu da na masu bin su bashi ne a ciki, kuma amana ce a wuyanka.

Tambaya: Manhajata tana ajiye sunaye, amma haruffa masu ƙugiya kamar ƙ da ɗ da ɓ suna komawa alamar tambaya.

Amsa: Wani wuri a kan hanyar rubutun yana amfani da tsohon tsarin haruffa da bai san waɗannan ba. A Windows, idan ka buɗe fayil da Python ba ka faɗi tsarin ba, yakan ɗauki na kwamfutar, wanda galibi cp1252 ne, kuma babu ƙ a cikinsa. Ka riƙa rubuta encoding="utf-8" duk lokacin da za ka karanta ko rubuta fayil. Idan rumbun bayanai na SQL Server kake amfani da shi, ka mayar da nau'in gurbin sunayen daga VARCHAR zuwa NVARCHAR. Idan kuma fayil ɗin CSV ne da za a buɗe a Excel, utf-8-sig zai fi yi maka aiki. Sai dai ka sani cewa sunayen da aka riga aka ajiye da alamar tambaya sun lalace ke nan, sai an sake shigar da su, saboda haka ka gyara kafin su ƙara yawa.

Tambaya: Ina son sayen kwamfutar hannu da aka taɓa amfani da ita don koyon wannan aiki. An ce dole sai mai katin hoto na wasanni.

Amsa: Ba dole ba ne, sai idan wasanni za ka gina ko aikin zane mai nauyi. Ka zuba kuɗinka a kan RAM da ma'ajiyar SSD. RAM mai gigabait 8 zai ɗauke ka, amma da ka buɗe Visual Studio da burauza da rumbun bayanai a lokaci guda za ka ji ta fara nishi, don haka 16 ya fi kwanciyar hankali. Ka tambaya ko ana iya ƙara RAM ɗin, domin a wasu kwamfutocin an liƙe shi da allon. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuwa Windows 11 yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesa wadda a ɓangaren Intel galibi daga zango na 8 take farawa, don haka kada arahar tsohuwar na'ura ta ruɗe ka. Kafin ka biya, ka buɗe ta da kanka ka duba abin da Windows ya nuna, kada ka dogara da takardar da aka manna a jikinta, kuma ka rubuta powercfg /batteryreport a tagar umarni (Command Prompt) don ka ga yawan ƙarfin da ya rage wa batirin.

Tambaya: Na gina manhaja da PyQt, ina shirin sayar da ita ba tare da bayyana rubutunta ba. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka fara sayarwa. PyQt, wanda ke haɗa Python da laburaren gina taga mai suna Qt, yana zuwa ne da lasisi iri biyu: GPL, wanda ke wajabta maka bai wa masu karɓar manhajarka rubutunta, ko lasisin kasuwanci da ake saya daga kamfanin Riverbank Computing. Madadinsa, PySide6, wanda kamfanin Qt da kansa ke kula da shi, yana ƙarƙashin lasisin LGPL, wanda ya amince ka rufe naka rubutun muddin ka cika sharuɗɗansa, ciki har da sanar da masu amfani cewa ka yi aiki da Qt da kuma barin su iya musanya laburaren. PyQt da PySide6 sun yi kama ƙwarai, kuma mafi yawan aikin sauyawa bai wuce gyara layukan import da mayar da pyqtSignal zuwa Signal ba. Ka zauna ka karanta lasisin da kanka kafin ka yanke shawara, domin wasu ɓangarorin Qt, kamar Qt Charts, ba sa ƙarƙashin LGPL, kuma idan manhajarka ta dogara da irinsu sai ka nemi madadi ko ka sayi lasisi.