Amsa: Gwamnatin Amurka ce ta ƙirƙiri Captain America don farfagandar yaƙi?

Malam, ka tambaya ko gwamnatin Amurka ce ta sa a ƙirƙiro Captain America, jarumin littattafan labarin zane-zane, bayan ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A'a, ba ita ba ce, kuma ya riga shigarta yaƙin. Joe Simon da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi wa kamfanin Timely, wanda daga baya ya zama Marvel. Fitowa ta farko ta littafinsa ta shiga kasuwa a Disamba 1940, ko da yake an rubuta Maris 1941 a bangonta, shi kuwa harin Pearl Harbor, wanda ya sa Amurka ta shiga yaƙin, sai a 7 ga Disamba 1941 aka kai shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bangon, wanda na daɗe ina kallo a wani sabon bugu da na samu: ga Captain America ya kai wa Hitler naushi a muƙamuƙi, garkuwarsa ma lokacin mai kusurwa uku ce, sai a fitowa ta biyu ta zama zagayayya. Simon da Kirby 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka ne, suna zaune a New York, suna jin abin da ake yi wa danginsu a Turai alhali Amurkawa da yawa na cewa babu ruwansu. Shi ya sa suka ɗauko Steve Rogers, siririn saurayin da soja suka ƙi ɗauka saboda rashin ƙarfi, aka yi masa allurar gwaji ya zama ƙato, wato Captain America. Magoya bayan Nazi sun yi ta aiko musu da barazana, har sai da 'yan sanda suka riƙa gadin ofishinsu.