Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Busa da Sayen Kayan Busa

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan kayan busa suke. Ƙarshen shekara ya gabato, ƙungiyoyin busa na makarantu da na coci-coci a nan Jos sun duƙufa atisaye, yaran da suka gama sakandare kuma suna laluben inda za su sa gaba. Na tsamo guda shida.

Malam, 'yata shekararta 17, tun tana ƙaramar sakandare take busa kilarinet a ƙungiyar makarantarsu. Yanzu ta kafe sai ta shiga makarantar kiɗa zalla ta yi digiri. Ni ɗinki nake yi, mahaifinta ya rasu. Tunani ya hana ni barci. Wane irin karatu ne wannan, kuma ana cin abinci da shi? Daga wata uwa a Bukuru.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙurin rashi, ya raya miki abin da aka bari. Ki kwantar da hankalinki. Yarinyar da ta riƙe abu ɗaya shekara biyar ba ta sake shi ba, ba yarinyar da za a ji wa tsoron lalacewa ba ce.

Makarantar da take nufi ita ce Turawa ke kira konsabatori. Bambancinta da sashen kiɗa na jami'a shi ne, a can busar ita ce karatun. A Ingila da Amurka digirin shekara 4 ne. Kowane mako ɗalibi zai zauna shi kaɗai da malaminsa kamar awa guda, malamin yana gyara masa numfashi da kamun baki da motsin yatsu. Sai busa cikin babbar ƙungiya, da cikin ƙaramar ƙungiya ta mutum biyar, da darasin rubutun kiɗa, da horar da kunne, da tarihi, da ɗan fiyano. Ban da wannan, shi da kansa zai kulle ɗaki ya yi atisayen awa uku ko huɗu a kullum. A shekarar ƙarshe ya tsaya gaban jama'a da malamai ya yi busa shi kaɗai, a nan ake auna shi.

Shiga ita ce wahalar. Takardar sakandare ba ta wadatar ba, sai an ji busar ɗalibi. Babbar ƙungiyar kiɗa tana iya ɗaukar masu goge talatin, amma masu kilarinet biyu ne ko uku, don haka makarantun ma kaɗan suke ɗiba. Makarantun Landan suna son wanda ya kai mataki na 8 a jarrabawar ABRSM, wato hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ko makamanciyarta, kuma a tsarin hukumar sai an ci mataki na 5 na ilimin rubutun kiɗa ko makamancinsa kafin a zauna na 6 zuwa 8. Kuɗin makarantar ga ɗan ƙasar waje kuwa, ba zancen mai keken ɗinki ba ne, ba kuma zancen yawancin ma'aikatan gwamnati ba ne. Akwai Curtis a birnin Filadelfiya ta Amurka da ba a biyan kuɗin karatu, amma ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 200 ba, daga duk duniya. Jamus ma yawancin makarantun gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu, sai dai kafin a ba da biza sai an nuna kusan Yuro 12,000 na ci da sha na shekara ɗaya.

Shawarata ta fara daga gida. Makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas tana ba da difloma ta shekara 2, ita ce mafi kusa da wancan tsari a ƙasar nan, kuma gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can. In digiri take so, ta bi ta JAMB: Jami'ar Nsukka tana da sashen kiɗa tun 1961, Jami'ar Ife ma tana da shi. Zancen abinci kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, ba sana'ar yin kuɗi da wuri ba ce. Amma akwai koyarwa a makarantun kuɗi na Abuja da Jos, akwai badujala na soja da na 'yan sanda, akwai coci da taruka. Wanda ya iya karanta rubutun kiɗa ya kuma iya koyarwa, da wuya ya zauna haka nan. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki sayar da keken ɗinkinki saboda wannan, kada kuma ki ba wani dillali kuɗi wai zai samo mata gurbi a waje. Ba a sayen gurbin konsabatori a hannun dillali.

Baba, na ga saksofon Yamaha sabuwa dal a kwalinta, wani yana tallarta a Facebook naira 190,000, ya ce in tura rabi ya sako ta a mota daga Legas. Ina so in shirya gwajin shiga makarantar kiɗa da ita. In tura? Daga wani saurayi a Tudun Wada.

Kada ka tura ko sisi, ɗana.

Wannan maganar ita ce ta fi ci mini rai cikin duk abin da ake tambayata, don haka ka yi haƙuri zan tsawaita. Saksofon ta Yamaha ta 'yan koyo, wadda ake kira YAS-280, a ƙasashen da ake sayar da ita da sauƙi ma ta haura dala 1,000. Ka buga lissafi da canjin yau, ka ɗora kuɗin dako da na kwastan. Yaya za a yi wani ya sayo abu a wannan kuɗi ya ba ka a 190,000? Ɗayan biyu ne: ko jabu ce aka zana wa suna, ko babu kayan ma sam, rabin kuɗinka kawai ake jira. Sayen kifi a ruwa ke nan.

Mutane suna ɗauka jabun kayan busa kamar jabun takalmi ne, ka sa wata shida ya yage ka yar. Ɓarnarsa ta wuce haka nesa. Saksofon tana da ramuka sama da ashirin, kowanne da 'yar fatar da ke rufe shi. In ɗaya kawai ba ta zauna daidai ba iska za ta riƙa zurarewa, ƙananan sautuka su ƙi fita. Yaro bai san laifin kaya ba ne, sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ya fara cije baki, ya matse yatsu, ya tura iska da ƙarfin tsiya. Shekara guda a haka ya riga ya koyi muguwar ɗabi'ar da malami zai kwashe shekara biyu yana kankarewa. Na biyu, ramukan jabu ba a huda su a inda ya kamata ba, sautin wani rami ya yi sama, na wani ya yi ƙasa. Kunnen yaro ya saba da karkatacce har ya riƙa jin shi ne daidai. Wanda zai tsaya gaban malaman konsabatori, kunnensa shi ne jarinsa. Cikin daƙiƙa talatin za su gane.

Shekarun baya wani uba ya kawo mini ɗansa da irin wannan saksofon, tana ta ƙyalli kamar zinariya. Ya haɗa kuɗin adashinsa ne ya saya a wani shago. Na danna madanni ɗaya da babban yatsana, ƙarfen ya lanƙwashe kamar cokalin gwangwani. Muka kai wa mai gyara, ya ce in ya miƙe wannan gobe wancan zai karkace, kuma babu kayan gyaran da ke shiga jikinta. Yaron ya riga ya yi wata takwas yana kuka a ɓoye wai shi ba shi da baiwa. Na ba shi tsohuwar tawa ya busa, nan take sauti ya fito tas. Har yau in na tuna fuskar uban nan raina yakan ɓaci.

Abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne yadda muke kashe kuɗi. Saurayi zai riƙe wayar dubu ɗari huɗu, ya canza ta baɗi, amma abin da yake cewa shi ne rayuwarsa yana nema masa mafi arha a kasuwa. Iyaye ma haka, a kashe dukiya a bikin kammala sakandare na yini ɗaya, da anko da rumfa da mai hoto, in an zo sayen kayan karatu a ce a kawo na dubu ɗari. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

To me za ka yi? Nemi ta hannu ta gaske. Tsohuwar Yamaha ko Jupiter mai shekara goma sha biyar, fentinta ya koɗe amma ƙarfenta lafiya, ta fi sabuwar jabu sau goma. Kada ka biya sai ka riƙe ta a hannunka, kuma ka tafi da wanda ya iya busa sosai, ko da za ka biya masa kuɗin mota da na abinci. Ku duba lambar da aka buga a jikinta, ku gani ko zanen sunan ya fita tsaf ko ya yi dishi-dishi. Ku shiga ɗaki mai duhu ku zura ƙaramar fitila a cikinta, ku rufe ramukan. Duk inda haske ya leƙo, nan iska ke fita. Ya busa sautin can ƙasa a hankali, in sai ya yi da ƙarfi yake fita, akwai matsala. Ku buɗe manhajar auna sauti a waya, kyauta ce, ku bi sautukan ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma rubutun ƙasar da aka ƙera ta ya ruɗe ka ta kowane ɓangare: Yamaha da kansu suna ƙera na 'yan koyo a Indonesiya da Sin, don haka ganin sunan Sin ba shi ne hujjar jabu ba, ganin sunan Japan ma ba hujjar gaskiya ba ne, mai buga jabu ya iya rubuta Japan. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji, ko ya ce wani na jira ka yi sauri, ka bar masa kayansa. In kuɗinka bai kai ba, ka ci gaba da aron ta ƙungiyarku kana tari. Jiran wata takwas ba zai kashe ka ba.

Malam, wacce ta fi jan hankalin alƙalan gwaji, saksofon ruwan zinariya ko baƙa? Kuma wata uku a YouTube zai ishe ni in samu tallafin karatu a waje? Daga Rayfield.

Babu ruwan alƙalai da launi, kunne suke kasawa. Wata uku kuma ba zai ishe ka ba. Waɗanda za ka kara da su sun yi shekara bakwai zuwa goma a gaban malami. Je ka nemi malami mai rai wanda zai ga yadda ka kama baki, ka sake rubuto mini bayan shekara biyu.

Malam, kawuna zai sayo mini kilarinet daga Ingila. Ya ce in zaɓa tsakanin ta itace da ta roba. Ina tsoron in zaɓi ta roba a ce ban san abin kirki ba. Daga wata ɗaliba a Farin Gada.

'Yata, babu abin kunya a nan, tambayarki ma mai kyau ce. Kilarinet ta ƙwararru da wani baƙin itace ake yin ta, mai tsiro a Tanzaniya da Mozambik, sautinta kuma ya fi zurfi, gaskiya ne. Amma ke a Jos kike. In hunturu ya kankama iska takan bushe ƙayau, ga sanyin asuba. Ki hura ɗumin numfashi mai laima cikin itacen da ya kwana cikin sanyi ya bushe, cikinsa ya kumbura bayansa bai motsa ba, sai ya tsage. Mai ɗinke tsagar kilarinet da kyau ba a kowane gari ake samunsa ba. In ba ki wuce mataki na 5 ba, ki ce ya kawo ta roba daga kamfanin kirki irin Yamaha ko Buffet, ragowar kuɗin ya ƙara miki bakin busa mai kyau, don shi ya fi canza sauti fiye da yadda mutane ke zato. Ranar da kika kai ga ta itace, ki riƙa ɗumama ta a hammata kafin busa, ki fara da minti goma sha biyar a rana a makonnin farko, ki goge cikinta duk lokacin da kika gama, kada ki bar ta a mota ko kusa da kaskon wuta.

Rid ɗina ba ya kwana biyu yake mutuwa, ga tsada. Akwai masu arha ana sayarwa ɗai-ɗai. Daga Gangare.

Rid, wato ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa, shi ma ana buga jabunsa. Na gaske irin na Vandoren daga wani kara ake yankarsa da ake nomawa a kudancin Faransa, kowanne a naɗe cikin ledarsa, kwalin guda 10 yakan kai dala 30 ko fiye. Wanda aka zube a tire tsirara kada ka taɓa shi. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi kwali. Ka riƙa juya guda uku ko huɗu maimakon ka nace wa ɗaya, ka jiƙa shi kafin busa, ka cire shi ka goge in ka gama. Ɗan koyo ya tsaya a lamba 2 ko 2 da rabi, wato lambar taurin rid ɗin. Sayen lamba 4 don a ce ka ƙware ɓarnar kuɗi ce da ciwon baki.

Baba, gidanmu gidan masu algaita ne, tun ina yaro nake bin mahaifina fada. Ina sha'awar karatun obo, amma ina jin kunya kada a raina ni a ce ɗan maroƙa ne. Daga wani matashi ɗan Wase mazaunin Jos.

Ɗana, ɗaga kanka. Algaita da obo dangin juna ne, dukansu kara biyu ne ake haɗawa su yi rawa su ba da sauti. Dabarar nan da mahaifinka ke yi ta cika kumatu ya ja numfashi ta hanci busa ba ta yanke ba, ɗaliban konsabatori sai sun yi nisa suke fara koyonta, wasu ma ba su taɓa iyawa ba. Kai da ita ka tashi.

Sai dai ka san abin da ke gabanka. A algaita karan duka yana shigewa cikin baki, a obo leɓe ne ke riƙe shi yana sarrafa shi, don haka kamun baki sabo za ka koya, kumatu kuma ba a cika su. Obo ta fi kilarinet tsada nesa ba kusa ba, masu busa ta da hannunsu suke fere rid ɗinsu da wuƙa, malamanta kuma ƙalilan ne a ƙasar nan, yawanci a Legas ko cikin badujalar soja. Kada ka sayi obo kafin ka sami malami. Fara da koyon karanta rubutun kiɗa a nan Jos, wannan littafi da fensir kawai yake buƙata, ka ci mataki na 5. Ka kuma ɗauki mahaifinka a waya yana busa taken sarakuna, ka rubuta sunan kowane take da lokacin da ake busa shi, ka tafi da su ranar gwaji tare da algaitarka.