Me ya sa aka ɗebi jinin Baba sau biyu a dare ɗaya?

Tambaya: Likita, mun kai mahaifinmu asibiti a nan Kumasi da ciwon ƙirji. An yi masa gwajin troponin, aka ce ba a ga komai ba, amma aka hana mu tafiya, bayan awa uku aka sake ɗibar jini. Na farkon ne ya lalace, ko kuɗi ake nema? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, waɗanda suka riƙe ku sun san aikinsu.

Troponin furotin ne da ke cikin tsokar zuciya, yana cikin abin da ke sa ta matse ta saki. Iri biyu ake aunawa, I da T. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, tsokar ta fara mutuwa, sai ya tsiyayo cikin jini. Sai dai ba nan take ba. Yakan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya bayyana, ya kai ƙololuwa wajen kwana guda, sannan ya yi ta sauka har kusan mako biyu. Wanda aka garzaya da shi asibiti da wuri, jininsa na farko zai iya fitowa lafiya lau alhali ɓarna ta riga ta fara. Shi ya sa muke maimaitawa: bayan awa 1 zuwa 3 da sababbin na'urori, 3 zuwa 6 da tsofaffi. Abin da muke dubawa shi ne ko lambar ta motsa tsakanin ɗiba biyun, sannan mu haɗa da ECG (gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa) da abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa.

Hawansa ma ba kullum ne yake nufin toshewar jijiyar zuciya ba. Mai ciwon ƙoda yakan zauna da shi a sama ba ya motsi, haka kumburin tsokar zuciya ko gudan jini a huhu kan ɗaga shi.

Abin da ke damuna shi ne masu ɗaukar takardar wannan lab su gwada da ta wancan. Kowace na'ura da nata ma'aunin, lambar I ba ta T ba ce.

Idan ciwon ya dawo, musamman da gumi ko ya sauka hannun hagu, kada a tsaya neman lab a unguwa ko jiran gari ya waye. A kira 112, ko a wuce da shi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye. Gwajin ba ya buƙatar a zo da yunwa.